Idan Jijiyar Ƙwaƙwalwa Ta Fashe A Hannun Likita

Da wuya a sami unguwar da ba ta taɓa jin irin wannan labari ba: mutum yana zaune lafiya lau, ko yana alwala, ko yana tsakiyar ciniki a kasuwa, sai kawai ya dafe ƙeya ya ce kansa zai tsage, ya yi amai, ya zube ƙasa. Wani ba ya sake farfaɗowa. Wani kuwa ya farfaɗo, a ba shi ƙwayar ciwon kai, a ce ya kwanta ya huta, bayan kwana biyu ko mako guda abin ya dawo, a wannan karo ya tafi da shi. Mu dai mun saba mu ce hawan jini ne, waɗansu kuma su ce jifa ne ko bugun iska. To, a cikin masu irin wannan faɗuwa akwai waɗanda abin da ya same su shi ne fashewar wani ɗan kumburi a jikin jijiyar jini ta ƙwaƙwalwa, wanda likitoci suke kira aniyurizim. A kan aikin fiɗar da ake yi wa wannan kumburi za mu yi magana yau, musamman a kan abubuwan da kan lalace ana cikin aikin, da irin tanadin da likitoci suke yi musu tun kafin su auku.

Duk wanda ya taɓa mallakar keke ya san yadda tiyub yake yi idan wani wuri a jikinsa ya yi laushi: iska ta tura wurin, ya bunƙuro waje, kullum yana ƙara girma, fatarsa tana ƙara sirancewa. Haka abin yake. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani zobe na manyan jijiyoyin jini, wanda wani likita Baturen Ingila, Thomas Willis, ya bayyana a littafinsa na shekarar 1664, har yau ma da sunansa ake kiran zoben. A wuraren da jijiyoyin nan suke rabuwa biyu, inda jini yake dukan bango dare da rana, nan ne kumburin ya fi fitowa. Siffarsa kamar ɗan tulu, yana da wuya yana da ciki. Yawancinsu ba su wuce ƙwayar wake ba, wanda kuwa ya haura milimita 25, watau ya kusa girman goro, shi ake kira ƙato. Bincike ya nuna kimanin mutum 3 cikin kowane baligi 100 suna yawo da shi ba su sani ba, kuma mafi yawansu har su koma ga Mahalicci ba zai fashe ba. Mata sun fi maza samunsa, shan taba da hawan jini suna ƙara haɗarinsa, yana kuma bin jini a waɗansu gidaje.

Ranar da ya fashe kuwa, jini yakan watsu a ƙarƙashin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba sa kai wa asibiti da rai. Waɗanda suka kai, abin da ya tsai da jinin ɗan gudan jini ne kawai da ya daskare a bakin ramin, shi kuwa ba abin dogaro ba ne, domin a cikin sa'o'i 24 na farko ya fi saurin ɓallewa, zubar jini ta biyu kuma ta fi ta farko kisa. A dā likitoci sukan jira mako biyu, sai ƙwaƙwalwa ta saki kumburinta, kana su buɗe kai. Aikin yakan yi musu sauƙi, sakamakonsa ya yi kyau a takarda, amma fa ba a lissafa waɗanda suka mutu a kan gado suna jiran ranar aiki. Wani babban bincike da aka buga a 1990, wanda Neal Kassell ya jagoranta a kan majinyata 3,521 daga ƙasashe da dama, shi ya taimaka aka juya ra'ayi zuwa ga yin aiki da wuri. A yau ƙa'idar da ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta fitar a 2023 ita ce a toshe kumburin da ya fashe da gaggawa, in da hali a cikin sa'o'i 24. Ma'anar wannan ita ce, likita yana shiga ƙwaƙwalwa ne tana ja, tana kumbure, zai kuma taɓa abin da jiya-jiya ya fashe.

Abin mamaki, aikin farko da aka taɓa yi kai tsaye a kan irin wannan kumburi, shi kansa da ɓarin jini aka yi shi. A watan Afrilu na 1931, a birnin Edinbara na ƙasar Sikotland, Norman Dott ya buɗe kan wani dattijo wanda kumburinsa ya riga ya zubar da jini har sau uku. Yana ɗaga gudan jinin da ke wurin sai jijiya ta ɓalle. Abin da ya ceci mutumin shi ne an yanko 'yar tsoka daga ƙafarsa, Dott ya cusa ta a wurin, ya danne, ya riƙe minti goma sha biyu cur bai saki ba, har jinin ya tsaya. Mutumin ya tashi, ya ƙara shekaru a duniya. Bayan shekara shida, ran 23 ga Maris 1937, Walter Dandy na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo ta Amurka ya maƙala wani ɗan kilif na azurfa a wuyan kumburin wani mutum mai shekara 43, ya raba shi da jijiyar, jini ya ci gaba da wucewa ta hanyarsa. Wannan dabara ita ake bi har yau. Wanda ya mai da ita sana'a mai tsari kuwa shi ne Gazi Yasargil, Baturke da ya yi aiki a birnin Zurik na Suwizalan. Tun daga ƙarshen shekarun 1960 ya shigo da madubin ƙara girman abu cikin ɗakin fiɗa, ya koya wa duniya yadda ake buɗe 'yar taga a ƙoƙon kai tsakanin ido da kunne, a bi ta tsagar da Allah ya riga ya yi a tsakanin sassan ƙwaƙwalwa har a isa ƙarƙashinta ba a yanka ta ba. Ya rasu a 2025 yana da shekara 99.

Yanzu bari mu shiga ɗakin. Haɗarin farko yana zuwa ne tun likitan fiɗa bai ɗauki wuƙa ba. Sa'ad da za a zura wa majinyaci bututun numfashi a maƙogwaro, da sa'ad da za a kafe kansa da ƙusoshin ƙarfe uku don kada ya motsa, jiki yakan zabura ko da mutum yana barci, ƙarfin jini ya yi sama farat ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya fasa kumburin, kai kuwa yana rufe, babu mai iya kai hannu. Saboda haka likitan sa barci yakan fara sa wata siririyar allura a jijiyar wuyan hannu wadda take nuna masa ƙarfin jini bugu bayan bugu, ya ba da magani kafin kowane mataki mai zafi. Ba kuma zai bari jinin ya yi ƙasa ainun ba, domin ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana bukatar abincinta. Jama'a sun fi sanin sunan mai wuƙa, amma a wannan aiki rabin ran majinyaci yana hannun mutumin nan da yake zaune a gefe yana duban na'ura.

Bayan an buɗe ƙashi, sai a nemi ƙwaƙwalwa ta saki jiki. Ana ba da wani ruwan magani mai suna manitol wanda yake janye ruwa daga cikinta, ana kuma tsiyaye ruwan da take iyo a ciki, don ta ɗan ja baya da kanta. Dalili kuwa shi ne, in aka ɗaga ta da ƙarfe da ƙarfin tsiya, ko dai wurin da aka danne ya mutu, ko kuwa a ja kumburin da yake manne da ita ya yage. Ko wannan tsiyayar ruwa ma da lokacinta, in aka yi ta da yawa tun kafin a buɗe fatar ƙwaƙwalwa, an cire abin da yake tokare da kumburin daga waje ke nan.

Ga inda nake so mai karatu ya tsaya da kyau. Likitan da ya ƙware ba ya nufar kumburin kai tsaye, ko da yana hangensa. Sai ya fara lalubo uwar jijiyar da take kawo masa jini, ya share gefenta, ya tabbata akwai wurin da zai iya matse ta cikin ƙiftawar ido. Sa'an nan ya lalubo jijiyoyin da suke fita ta ɗaya ɓangaren. Sa'an nan wuyan kumburin. Cikin tulun kuwa, inda ramin yake, shi ne na ƙarshe, wani lokaci ma ba a taɓa shi sai an gama. Manomin rani ya san wannan: in bakin kwali ya ɓalle, ba a tsayawa ana kokawa da laka a inda ruwa yake ambaliya, can sama ake zuwa a datse ruwan tukuna. Idan kumburin yana can ƙasa kusa da ƙashi, inda babu wurin kama uwar jijiyar a cikin kai, har wuyan majinyaci akan buɗe tun da farko, a fito da babbar jijiyar a ajiye ta a shirye. Mai kallo zai ce ɓata lokaci ne, alhali kuwa ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ake datse jinin da shi wani kilif ne na wucin gadi, mai taushin kamu don kada ya ƙuje jijiyar, galibi ana yi masa launin zinariya don kada a rikita shi da na dindindin. Da an sa shi, kumburin da yake a cike yana harbawa sai ya yi laushi, a iya juya shi a duba bayansa. Amma daga wannan lokaci agogo ya fara aiki. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar da jiki yake amfani da ita, kuma ba ta da rumbu. Sashen da aka datse wa jini yana rayuwa ne da 'yan ƙananan hanyoyin da suke zagayowa daga maƙwabta, su kuwa wani nasa suna da yawa, wani kaɗan. Don haka akwai mai kiran lokaci da babbar murya, minti uku, minti biyar, kuma yawancin likitoci ba sa son su wuce minti goma zuwa sha biyar ba su saki jinin ya ɗan wuce ba, kana su sake matsewa. A manyan asibitoci akan liƙa wayoyi a kai da hannuwa da ƙafafu, ana aika ɗan lantarki ana duba ko saƙo yana isa. Da saƙon ya fara raunana, mai na'ura zai yi magana, a cire kilif.

To, idan duk da haka ya fashe fa? Yana fashewa, har a hannun gwanaye, kuma ya fi yin haka a lokacin da ake raba shi da abin da yake manne da shi, ko a lokacin da ake zura kilif a wuyansa. A ƙarƙashin madubi fagen aikin bai fi bakin kofin shayi ba, cikin daƙiƙa biyu ya cika da ja, ba a ganin kome. Abin da zuciya take raya wa mutum a nan shi ne ya cusa kilif cikin jinin ya matse duk abin da ya samu. Wannan shi ne babban kuskuren da ake gargaɗin masu koyo a kansa, domin kilif ɗin da aka sa a makance yana iya mai da ɗan rami ya zama yagewar jijiya ɗungurungum, ko ya kama abin da bai kamata ba. Abin da aka koyar shi ne a sa babban bututun zuƙe jini a daidai bakin ramin, mataimaki ya sa na biyu ya share fage, a ɗora 'yar auduga a danna a hankali, sa'an nan a koma ga uwar jijiyar nan da aka shirya tun ɗazu a matse ta, in ya kama a matse ta ɓangaren fita ma. Jini ya lafa, ido ya ga hanya, a sa kilif na dindindin a inda ya dace. An kuma lura cewa ramin da almakashi mai kaifi ya yi ƙarami ne, ana iya shawo kansa, wanda kuwa aka yi da ja da turi da ƙarfe marar kaifi yakan zama yagewa mai faɗi. Watau kaifi, wanda ya fi ban tsoro, shi ya fi aminci.

Akwai kuma dabarar da in an faɗa wa mutum zai ce tatsuniya ce. Idan jinin ya ƙi ba da hanya, ko babu inda za a sa kilif na wucin gadi, likitan sa barci yana iya tura wani magani mai suna adinosin a jijiya, zuciya ta tsaya cak na 'yan daƙiƙoƙi, ƙarfin jini ya faɗi na kimanin rabin minti zuwa minti guda. A wannan ɗan tsakani likitan fiɗa yake yin abin da zai yi. Jiki yana narkar da maganin nan da nan, zuciya ta ci gaba da kanta. Duk da haka akan manna wa ƙirji faifan na'urar farfaɗo da zuciya tun kafin a fara aiki, ana kuma yin hattara da shi ga mai asma. A shekarun baya har sanyaya jiki ake yi ƙwarai, a haɗa mutum da injin zuciya, a tsai da jini baki ɗaya don a yi aikin ƙaton kumburi, amma yanzu da wuya ake yin haka. An kuma daɗe ana zaton ɗan sanyaya jiki kaɗan yana kare ƙwaƙwalwa, sai a 2005 aka buga sakamakon gwaji a kan majinyata 1,001, an sauke zafin jikin rabinsu zuwa digiri 33, an bar sauran a 36 da rabi, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Ina yaba wa masu wannan sana'a da abu guda, in awo ya ƙaryata al'adarsu sukan bar ta.

Har kayan aiki suna iya cin amana. Henry Marsh, wani likitan fiɗar ƙwaƙwalwa na Landan, ya ba da labari a littafinsa na 2014 yadda ƙarfen da ake riƙe kilif da shi ya ƙi sakin kilif ɗin bayan ya riga ya kama wuyan kumburi, ga shi ba dama ya janye hannu. A ƙasa irin tamu sai a ƙara da wutar lantarki a cikin lissafi, domin madubi da bututun zuƙe jini da injin numfashi duk da ita suke aiki, sa'an nan a ƙara da jinin da aka gwada aka ajiye a kusa kafin a fara.

An sa kilif, jini bai zuba ba, sai a rufe? A'a, saura haɗarin da ba ya ihu. Daga jikin manyan jijiyoyin nan akwai waɗansu 'yan ƙanana da suke fita, kaurinsu bai fi na silin gashi da yawa ba, suna nutsawa can cikin ƙwaƙwalwa, kuma kowace ita kaɗai ce take shayar da wurin da ta nufa. Sau da yawa a bayan wuyan kumburin suke laɓewa. In bakin kilif ya haɗa da guda ɗaya, aikin zai yi kyau a ido, majinyaci kuwa ya farka ɓarin jikinsa a shanye. In kumburin yana gaba ne, a jijiyar da ta haɗa dama da hagu, mutum yana iya tashi da hannu da ƙafa lafiya, amma ya koma ba ya riƙe abin da aka faɗa masa minti biyar da suka wuce, ko halinsa ya sake har iyalinsa su ce ba shi ba ne. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Haka kuma kilif yana iya ƙuntata uwar jijiyar, ko ya bar wani ɓangare na wuyan a buɗe, kumburin ya sake tsirowa bayan shekaru. Don haka ake bincike kafin a rufe. Akwai 'yar na'ura mai kamar tsinke da ake ɗorawa a kan jijiya a ji ƙarar wucewar jini. Akwai kuma wani koren rini da ake zubawa a jijiyar hannu, wanda Andreas Raabe da abokan aikinsa a Jamus suka bayyana amfaninsa a 2003: cikin daƙiƙoƙi kaɗan duk jijiyar da jini yake bi sai ta haska a madubi, wadda ta toshe ta zauna baƙa, kumburin ma in ya rufu ba zai haska ba. In an ga kuskure, a gyara zaman kilif a take, tun wurin bai mutu ba.

Ba kowane kumburi ake buɗe wa kai ba yanzu. A 1990 wani likita ɗan Italiya, Guido Guglielmi, da yake aiki a Los Anjalis, ya fara wata hanya: a zura siririn bututu ta jijiyar gindin cinya, ko ta wuyan hannu kamar yadda ake yi a yanzu, a bi da shi har cikin tulun, a cika shi da lallausan zaren ƙarfen filatinam, jini ya daskare a ciki. Gwajin da aka buga a 2002, wanda aka shirya daga Oksfod a kan majinyata 2,143, ya nuna bayan shekara guda kimanin 24 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa ta bututu sun mutu ko sun nakasa, na buɗe kai kuwa kimanin 31. Amma a lura, waɗanda aka sa a gwajin su ne waɗanda kowace hanya ta dace da su, kuma zaren yakan danƙare daga baya, kumburin ya sake buɗewa, shi ya sa ake maimaita hoto. Wannan hanya ma da nata masifun. Waya tana iya huda tulun daga ciki, a nan sai a yi maza a ba da maganin da yake karya maganin tsinka jinin da aka bayar tun farko, a hura 'yar balan-balan a toshe bakin, a ci gaba da cusa zaren har ramin ya rufu. Ko kuwa gudan jini ya haɗu a kan bututun ya toshe jijiya, a nan kuma maganin narkar da jini ake nema. Cuta biyu, magani biyu masu karo da juna, kuma a cikin mintoci ake yanke shawara. 'Yar wasan kwaikwayon nan ta Ingila, Emilia Clarke, ta faɗi da bakinta a 2019 cewa an yi mata aikin bututu a 2011 tana da shekara 24, sa'an nan a 2013 a Niyok aka sake yi mata a kan kumburi na biyu, aikin ya lalace, jini ya ɓalle, dole aka buɗe kanta a gaggauce. Da asibitin ba shi da mai buɗe kai a kusa, da labarin ya sha bamban.

Iyali sukan yi hamdala da zarar an turo majinyaci daga ɗakin fiɗa yana motsa hannu. Hamdala kam wajibi ce, amma ga wanda kumburinsa ya riga ya fashe, tsugune ba ta ƙare ba. Jinin da ya zuba tun farko yana nan kwance a kan jijiyoyi, yana ruɓewa yana fusata su, daga kwana na 3 zuwa na 14 sai su fara tsukewa. Kusan kashi 30 cikin ɗari na irin waɗannan majinyata sukan nuna alamar ƙarancin jini a ƙwaƙwalwa a wannan tsakani: wanda jiya ya yi hira yau ya rikice, ko barci ya yi masa nauyi, ko hannu ya yi sanyi. Maganin da aka tabbatar yana rage wannan ɓarna shi ne nimodifin, tun bayan gwajin da aka yi a Birtaniya a kan mutum 554 aka buga a 1989, ana shan miligiram 60 duk bayan sa'a huɗu har kwana 21, dare da rana. In alamar ta bayyana, likitocin da suka yi ta faman hana jini hawa kafin aiki su ne kuma za su ɗaga shi da gangan, tun da yanzu kumburin a rufe yake, in hakan bai isa ba a koma da bututu a buɗe jijiyar. A nan ma'aikaciyar jinya da take ta da majinyaci kowace sa'a tana tambayarsa sunansa, tana ce masa ya ɗaga hannu, ita ce mai gadin ƙofa, kada 'yan jinya su ɗauka takura ce. Ban da wannan akwai taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, wadda ake sa wa bututun tsiyaya, da raguwar gishirin jini, da zazzaɓi, da farfaɗiya, da daskarewar jini a ƙafa saboda doguwar kwanciya. Joe Biden, wanda ya shugabanci Amurka daga 2021 zuwa 2025, an yi masa aikin kumburi a asibitin soja na Walter Reed a watan Fabrairu na 1988 yana sanata, aiki ya yi kyau, sai gudan jini ya tafi huhunsa yana cikin jinya. A watan Mayu aka yi masa aiki na biyu a ɗaya gefen, wata bakwai bai koma majalisa ba.

Saboda duk waɗannan ne likita nagari ba ya gaggawar taɓa kumburin da bai fashe ba, wanda aka gani kwatsam a hoto. Wani babban bincike na 2003 ya nuna ƙanana, waɗanda ba su kai milimita 7 ba a jijiyoyin gaba, da wuya suke fashewa. Ga tsoho mai irin wannan, wani lokaci da muguwar rawa gara ƙin tashi: a bar taba, a kama hawan jini, a riƙa duba shi da hoto.

Mu a nan gida, fiɗar ƙwaƙwalwa ta fara ne a asibitin koyarwa na Ibadan a 1962, a hannun Latunde Odeku, kuma muna da dalili na musamman na kula da wannan magana, domin masu ciwon sikila sun fi sauran jama'a samun kumburin, sau da yawa fiye da ɗaya, Nijeriya kuwa ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila. Ko a gida za a yi aikin, ko an tara kuɗi za a tafi Masar ko Indiya, shawarata ga iyali ita ce su yi tambaya ba kunya. Aiki nawa irin wannan asibitin yake yi a shekara? Ƙa'idar Amurka ta 2012 ta ce asibitin da ba ya ganin goma a shekara ya yi tunanin tura majinyaci inda ake ganin fiye da 35. Suna da mai buɗe kai da mai bututu duka biyu? Akwai gado a ɗakin kulawa ta musamman na mako biyu? Kada kuma a sayi tikitin dawowa na kwana bakwai don gudun kuɗin masauki, domin kwanakin ne jijiyoyi suka fi tsukewa.

Abu na ƙarshe, kada a baro asibiti sai an karɓi takarda mai ɗauke da sunan kilif ɗin da aka sa da irin ƙarfensa. Na zamani da taitaniyam ko wani ƙarfen da maganaɗisu ba ya ja ake yinsu, amma tsofaffin ba duka ba. A 1992 a Amurka wata tsohuwa ta rasu bayan an shigar da ita na'urar hoto mai maganaɗisu, wadda ake kira em-ar-ai, bisa zaton kilif ɗinta irin wanda ba ya motsi ne, ashe ba shi ba ne, ya juya ya yaga jijiyar. A ajiye takardar nan tare da katin shaida, a nuna ta duk ranar da aka ce za a ɗauki hoto.